Gonar Mai Gona, Hanyar Kowa

A can ƙuryar kwarin Swale, a arewacin Yorkshire ta ƙasar Ingila, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Keld. Kafin shekarar 1580, duk wanda ya mutu a Keld sai ya yi wata tafiya ta mil 16 a kafaɗun 'yan'uwansa. Ba ƙasar haƙa kabari aka rasa a ƙauyen ba. Ƙa'idar coci ce ta ce ba a binne mutum sai a maƙabartar uwar cocin gunduma, ita kuwa tana Grinton, can gindin kwarin, kuma kuɗin binnewa aljihunta yake shiga, ba ta da niyyar sakinsa. Sai a sa gawa a wani dogon kwando na saƙa, don akwatin katako ya yi nauyi, maza su riƙa karɓar juna, su haura tudun Kisdon, su gangara, su bi gefen kogi. A bakin gadar Ivelet har yau akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ake cewa a kansa suke sauke gawar su numfasa. Da aka keɓe coci a Muker a 1580, da maƙabartarta, sai wahalar mutanen saman kwarin ta ragu. Hanyar kuwa tana nan, kuma ko yau ka je kana da ikon bin ta, babu wanda za ka nemi izininsa.

Irin waɗannan hanyoyin gawa suna da yawa. Mutanen tsakiyar dajin Dartmoor suna kai matattunsu har Lydford, sai a 1260 bishop na Exeter ya ji tausayin wasu daga cikinsu ya ce su riƙa zuwa Widecombe da ta fi kusa. Har camfi ya shiga tsakanin mutanen karkara cewa duk filin da aka ratsa da gawa ya zama hanyar jama'a ke nan. Doka ba ta taɓa faɗin haka ba, amma masu filaye da dama sun ji tsoron maganar, suna hana masu makara taka musu gona.

Na fara da hanyar gawa ne don in kawar da wani zato. Wanda ya ga mutanen Ingila ran Lahadi, da manyan takalma da jakar goyo da taswira a cikin leda, suna ratsa gonaki, zai ɗauka don shaƙatawa aka shata waɗannan hanyoyi. Ko kusa. Babu ma wanda ya shata su. Ƙafar talaka ce ta fitar da su: ɗan ƙodago mai sammakon zuwa gonar ubangidansa, matar da ta ɗauki ƙwai da man shanu zuwa kasuwa, yaron da aka aika injin niƙa, mai haƙar dalma ko kwal da ke dawowa gida cikin duhu. Masu faɗi kaɗan kuwa na dabbobi ne. Fataken gishiri daga Droitwich da Cheshire suna kora dawakin kaya a jere, shi ya sa tsofaffin gadojin hanyoyinsu ke da gajeren bango, don kada mangala ta gogi dutse. Masu koren shanu daga Wales suna tafiya makonni kafin su isa kasuwar Smithfield ta Landan, har takalmin ƙarfe suke buga wa shanun don kada kofato ya lalace a hanya. Jirgin ƙasa ne ya kashe wannan sana'a a tsakiyar ƙarni na 19. Yau tsawon hanyoyin ƙafa da na dawaki da ke rubuce a Ingila da Wales ya kai kimanin mil 140,000.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne yadda doka ta raba abin. Ƙasar da hanyar ke kai ta mai gona ce, ciyawar da ta tsiro a kanta ma tasa ce, tumakinsa ne za su ci. Jama'a wucewa kawai suka mallaka. An gwada iyakar wannan a 1893, a shari'ar wani mutum mai suna Harrison da basaraken Rutland. Harrison ya tsaya a kan hanyar jama'a da ta ratsa dajin basaraken ranar farauta, yana kaɗa hankici, yana buɗe lema yana rufewa, don ya firgita tsuntsayen da ake korowa wajen masu bindiga. Yaran basarake suka danne shi a ƙasa har aka gama harbi. Ya kai ƙara, kotu ta ce masa ai da ya daina wucewa ya koma ɓarna, ya tashi daga mai bin hanya ya zama mai kutse. Ta ɗaya ɓangaren kuma alƙalan sun daɗe da tsayar da magana guda: hanya in ta zama ta jama'a ta zama ke nan, ko ta shekara ɗari ba a taka ta ba, ko ƙaya ta rufe ta, haƙƙin ba ya faɗuwa sai an bi doka an soke shi. Wata doka ta 1932 ta ƙara da cewa in jama'a suka shekara 20 suna bin wuri a fili, ba da ƙarfi ba, ba kuma da roƙo ba, to a ɗauka mai ƙasar ya sallama. Shi ya sa za ka ga mai filin da ke barin mutane su ratsa don mutunci yana kulle ƙofarsa rana ɗaya a shekara, ko ya kafa allo, don kada alheri ya zame masa dole.

Gundumar coci, wato ƙauye ko 'yan ƙauyukan da ke ƙarƙashin coci ɗaya, ita ce ƙaramar hukuma ta asali a karkarar Ingila, kuma tun 1555 majalisar dokoki ta ɗora mata nauyin hanyoyi. Kowace shekara a zaɓi mutum biyu su zama masu duba hanya, ba albashi, kuma wanda aka zaɓa ba shi da ikon ƙi. Kowane magidanci ya ba da kwana huɗu na aikin gayya, daga baya aka mai da shi shida, mai hali kuma ya turo amalanke da mutum biyu. An ce aikin bai cika yin kyau ba, kuma ban yi mamaki ba: wa zai matsa wa maƙwabcinsa bana, alhali baɗi maƙwabcin ne zai riƙe sandar? Haka dai aka lallaɓa har 1835 da aka soke aikin tilas ɗin.

Babbar guguwar ita ce killace filaye. A da, ƙauyuka da yawa na tsakiyar Ingila manyan filaye ne buɗaɗɗu, kowa da 'yan tsirin gonakinsa a warwatse, ga makiyayar gari inda talaka zai saki saniyarsa ya tsinci itace. Daga 1604 zuwa 1914 majalisa ta zartar da dokokin killacewa sama da 5,200, da suka shafi eka kusan miliyan 6.8. A manna sanarwa a ƙofar coci, kwamishinoni su zo da masu awo, a sake yanka ƙasar gunduma gaba ɗaya, a dasa shingen ƙaya. Su ne kuma ke zana sababbin hanyoyi miƙaƙƙu, kuma bayan dokar 1801, duk tsohuwar turbar da ta ratsa filin ba su sa ta a takardarsu ba ta tafi. A ƙauyen Helpston an fara wannan aiki a 1809, kuma wani ɗan ƙodagon garin, John Clare, wanda ya zama mawaƙi, ya shafe rayuwarsa yana kukan wuraren da ya yi wasa yana yaro aka wayi gari an kafa musu allon hana shiga.

Sai kuma dokar 1815, wadda a ganina ta fi killacewar rashin kunya. Ta ce majistare biyu suna iya rufe duk hanyar da suka ga ba a buƙatarta. Su wa ne majistarorin karkara a lokacin? Masu filayen da kansu. An ba kura ajiyar nama. Abin ya koma ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: ka sa mini hannu a rufe wadda ta bi ta gaban tagata, in sa maka a taka.

A Flixton, kusa da Manchesta, wani majistare mai suna Ralph Wright ya so ya mai da filinsa dandali irin na manya, ba tare da talakawa suna gilma masa ba. Abokan aikinsa biyu suka sa hannu. Bai ma jira babban zaman kotu ya tabbatar ba, ya toshe hanyoyin, ya sa garma ya shuka hatsi a kai. Mutanen garin suka fito suka ɓalle shingen, suka bi ta cikin hatsin a jere, ƙafa bisa ƙafa, har tsohuwar turbar ta sake fitowa. Da shari'a ta yi tsawo, kuɗi ya fara ƙare musu, sai wasu 'yan boko da 'yan kasuwar Manchesta suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin hanyoyin ƙafa a 1826, shekara biyu bayan irinta ta York. A 1827 Wright ya sha kaye. Daga nan salon faɗan ya sauya: ƙauye ke da hanya, amma birni ke da lauya da jarida, kuma ma'aikatan masaƙun birnin, da ke shaƙar hayaƙi kwana shida, sun fara ganin hanyoyin nan a matsayin numfashinsu na ranar hutu.

Duk wanda ya taɓa jin wannan tarihi ya ji labarin Kinder Scout. Ranar 24 ga Afrilu 1932, matasa kimanin 400, yawancinsu 'yan Manchesta, a ƙarƙashin wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman, suka tashi daga Hayfield suka haura tudun da aka keɓe don farautar tsuntsaye, suka yi 'yar dambarwa da masu gadin basaraken Devonshire. Aka ɗaure biyar, daga wata biyu zuwa shida. Shekara 70 bayan haka, a 2002, basaraken Devonshire na lokacin ya zo wajen taron tunawa ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Labari ne mai daɗi, ba na musu. Amma su Rothman ba hanya suke nema ba, 'yancin yawo a buɗaɗɗen daji suke nema, shi kuwa bai samu ba sai a dokar 2000. Wanda ya shafi hanya kai tsaye shi ne na Winter Hill a 1896, da Kanar Ainsworth ya sa ƙofa a wata tsohuwar hanya, mutanen Bolton kusan 10,000 suka fito suka karya ta. Kanar ya ci su a kotu, aka manta da su, hanyar ba ta shiga rajista ba sai 1996.

Ni dai a nawa karatun, abin da ya ceci hanyoyin Ingila ba tattaki ba ne, aikin takarda ne mai gundura. A watan Disamba 1949, gwamnatin Leba ta bayan yaƙi, ta hannun ministanta Lewis Silkin, ta zartar da dokar gandun shaƙatawa na ƙasa da shiga karkara. A cikinta aka umarci kowace majalisar lardi ta zana tabbatacciyar taswira ta duk hanyoyin ƙafa da na dawaki da ke yankinta. Lardi kuwa bai san turbar bayan rumbun wani ƙauye ba, sai ya miƙa aikin ga majalisun gundumomi, waɗanda dokar 1894 ta kafa ta raba su da coci. To a farkon shekarun 1950, a dubban ƙauyuka, aka ga malamin makaranta ko limamin coci ko tsohon ma'aikacin gidan waya, da babbar taswirar hukumar safiyo mai inci shida a mil, yana bin hanya ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta inda ta faro da inda ta ƙare, matakala nawa ne a shingayenta, ina gadar katako take, tun yaushe tsofaffi suka san ana bin ta. A ba kowace hanya lamba. Sannan a kira taron gunduma a karanta, a amince, a aika lardi. Lardi ya fitar da daftari kowa ya kawo ƙorafi, ya sake fitar da na biyu wanda masu ƙasa kaɗai ke da ikon ƙalubalanta, sannan na ƙarshe. An zaci aikin 'yan shekaru ne. Wasu wuraren sai farkon shekarun 1980 suka gama.

Ƙarfin wannan taswira shi ne, abin da ta nuna ya zama hujja yankakkiya, babu sauran kiran tsoho ya rantse. A Framfield ta gabashin Sussex, hanya mai lamba 9 ta ratsa filin wani hamshaƙin attajiri, aka toshe ta da waya mai ƙaya da ƙofofi masu kwaɗo da manyan firji, har rumfar ajiya aka gina a kanta. Ta fi shekara goma a haka. Kate Ashbrook, babbar sakatariyar ƙungiyar kare filayen jama'a da aka kafa tun 1865, ta yi ta jan maganar a kotuna, kuma a 2003 aka kwashe komai. Ba don tana da ƙarfi ba, don lamba 9 tana kan takarda.

Amma taron gunduma taron mutane ne, kuma a ƙauyuka da yawa shugaban majalisar shi ne babban manomin da rabin masu zaman ke aiki a gonarsa ko suke haya a gidansa. Wa zai ɗaga hannu ya ce akwai hanya ta tsakar gidan maigida? Sakamakon yana nan a taswira har gobe, kuma kallonsa yana ba ni dariya da takaici a lokaci guda. Za ka ga hanya ta taho tiryan-tiryan, tana isa iyakar gunduma sai ta ɓace a tsakiyar fili, don mutanen wannan gefen sun rubuta tasu, na wancan gefen sun yi shiru. Za ka ga hanyar dawaki ta tsallaka rafi ta koma hanyar ƙafa, kamar dokin zai rikiɗa a kan gada. Dalilin wannan na biyun shi ne a shekarun 1950 tarakta ta kori doki daga gona, hawa don nishaɗi kuma bai yaɗu ba tukuna, sai masu rubutu suka rubuta abin da idonsu ya gani, wato masu tafiya a ƙasa. Mahaya na biyan bashin wannan har yanzu: abin da suke iya bi a Ingila bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na hanyoyin ba. Masu keke ma a kan wannan ɗan rabon aka ɗora su a 1968.

Lokacin da nake zaune a Sheffield, wani dattijo maƙwabcina ya ja ni irin wannan tafiya. Muka iso wani shingen dutse, an gina 'yan duwatsu uku sun ɗan fito daga jikinsa kamar tsani, tsakiyarsu ta lotsa ta yi sulɓi saboda taku. A jikin gungumen gefe an buga ɗan faifai mai kibiya rawaya, alamar hanyar ƙafa, da shuɗiya ce da ta dawaki ce. Kibiyar ta nuna tsakiyar gonar sha'ir da ta kusa nuna, ga wata siririyar tsaga ta ratsa ta har ɗaya gefen. Ƙafata ta yi nauyi. A inda na tashi, ratsa gonar mutum da amfani a tsaye neman magana ne. Dattijon ya ce mini in na zagaya ta gefe ne ma na yi laifi, don gefen ba hanya ba ne, tsakiyar ce hanya. Manomin da kansa ya fitar da tsagar, tilas: dokar 1990 ta yarda ya yi huɗa a kan hanyar da ta ratsa gona, amma cikin kwana 14 ya mai da ita, faɗin mita ɗaya in ta ƙafa ce, mita biyu in ta dawaki ce. Har bijimai doka ta taɓa. Ba a sakin bijimin shanun madara da ya wuce wata 10 a filin da hanya ta bi, na sauran jinsuna kuwa sai in yana tare da shanu mata ko karsana, wai hankalinsa ya fi kwanciya.

A gonar nan burtalinmu ya faɗo mini a rai. Kowa a gari ya san inda yake, kowa ya san na kowa ne, amma mai gonar gefe ya ci kunya ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi, har ranar da garke zai zo ya tarar da gero a inda kakanninsa suka bi. Jihar Arewa ta Najeriya ta yi dokar makiyaya a 1965, Nijar kuma ta kafa turakun siminti a gefen wasu hanyoyin dabbobi bayan dokarta ta karkara ta 1993, amma burtali nawa ne ke da lamba da faɗi a rubuce, a ofishin da talaka zai shiga ya ce a nuna masa?

Manoman Ingila ma ba duka ke son abin ba, kuma suna da tasu gaskiyar: ƙofar da aka bari a buɗe, karen da ya fafari tunkiya mai ciki. Sai dai a 2001, da ciwon kofato da baki ya ɓarke, aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6, aka rufe kusan duk hanyoyin karkara na watanni, masu masauki da shaguna da gidajen abinci na ƙauyuka suka ga tashin hankali. Lissafin da aka yi daga baya ya nuna asarar harkar baƙi ta yi kafaɗa da ta noma, ko ma ta fi ta.

Saura waɗanda aka bari a baya a 1950. Tunda hanya ba ta mutuwa don an daina bin ta, suna nan a doka, ba sa nan a taswira. Dokar 2000, wadda ta ba da 'yancin yawo a tsaunuka, ta zo da wani sharaɗi da masu ƙasa suka nema: duk tsohuwar hanyar da ta girmi 1949, in ba a nemi rubuta ta ba kafin 1 ga Janairu 2026, ta faɗi har abada. Ƙungiyar masu tattaki, wadda aka kafa a 1935, ta tara dubban 'yan sa-kai a intanet suna gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, murabba'i bayan murabba'i, kuma a 2020 ta ce ta gano fiye da mil 49,000 da ake zaton sun salwanta. Wales ta yi watsi da wa'adin. A Ingila gwamnati ta ce a 2022 za ta soke shi, a 2023 ta sauya magana ta ɗaga shi zuwa 2031, sannan sabuwar gwamnati ta sanar a Disamba 2024 cewa za ta cire shi gaba ɗaya. Dubban takardun nema kuwa suna jibge a ofisoshin larduna, wasu sun shekara goma suna jiran layi.

Mai neman a maido da hanya sai ya kawo hujja, kuma hujjar tana cikin ɗakunan adana takardu: takardun kwamishinonin killacewa, taswirorin ushirin coci da aka zana bayan 1836, zanen da kamfanonin jirgin ƙasa suka miƙa wa majalisa, inda dole suka nuna kowace turbar da dogo zai yanka. Wadda na fi so ita ce ta 1910. A shekarar, ministan kuɗi Lloyd George ya sa a ƙiyasta darajar kowane fili a ƙasar don wani sabon haraji, kuma aka ce wanda hanyar jama'a ta ratsa filinsa za a rage masa ƙima. Masu ƙasa da dama, waɗanda da a wata rana ce da sun rantse babu ko sawun akuya a gonarsu, suka cike fom suka nemi ragin. Harajin bai yi ƙarko ba, an soke shi a 1920, amma littattafan masu ƙiyasin suna nan a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew. Yau in mai fili ya tsaya gaban sufeto ya ce ba a taɓa yin hanya a nan ba, sau da yawa shafin da kakansa ya karɓi ragin fam 25 ake buɗe masa.